Taya Huɗu da Kilomita Bakwai

Mai facin da ke bakin layinsu ne ya fara faɗa masa, wata safiya cikin watan Afrilu, a irin kwanakin da zafin Kano kan kai matsayin da ba a iya riƙe sitiyarin motar da ta yini a rana sai da tsumma. Likitan dabbobin ya tsaya ne kawai don a ƙara masa iska a ƙafar baya. Dattijon ya durƙusa, ya shafa gefen tayar da babban yatsansa, ya jima yana duban wasu ƙananan tsage-tsage da suka bi jikin robar kamar faso a diddigen manomi, sannan ya ɗago kai.

"Likita, waɗannan sun ci kuɗinsu. Zanen bai gama suɗewa ba, amma robar ta mutu."

Ya kai yatsa kan wasu lambobi huɗu da ke cikin wani ɗan zagaye, a ƙarshen jerin rubutun da ya fara da haruffan DOT: 1418. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Wato an ƙera tayar a mako na 14 na shekarar 2018. Haka ake rubuta ranar haihuwar taya tun daga shekarar 2000. Shekara bakwai ke nan tana shan rana, biyar daga ciki a hannunsa, kuma bai taɓa sunkuyawa ya karanta ba, duk da cewa shi mutum ne da ba ya yi wa akuya allura sai ya duba ranar da ke jikin kwalbar magani.

Motar Toyota Land Cruiser Prado ce ƙirar 2008, ya saye ta hannu a 2020. An gina ta ne don dutse da rafi da rairayi, amma rayuwar da take yi ta ma'aikacin gwamnati ce: kai yara makaranta da safe, cunkoson titin Zariya, ofis, kasuwa, ɗaurin aure ranar Asabar. Sau biyu ko uku a wata takan leƙa gonakin kaji da garken shanu a bayan gari, bisa kwalta ko burji mai kyau. Sau biyar ko shida a shekara kuma takan tafi gida, wani ƙauye a cikin fadama gaba da Haɗeja, inda kwalta ke ƙarewa saura kilomita bakwai a isa ƙofar gidan mahaifiyarsa. Saboda kilomita bakwai ɗin nan ya sayi jif maimakon ƙaramar mota, kuma saboda su ne maganar mai faci ta hana shi barci.

A watan Agustan 2022, shekarar da ambaliya ta ci garuruwa masu yawa a Jigawa, ƙanensa ya kira shi da hantsi ya ce jikin Inna ya rikice. Ya isa ƙauyen gab da magariba, hanya na ɗan riƙe mota. Kafin a gama shirya ta ruwa ya sauko. A kan hanyar fita, cikin wani kwari da bai fi tsawon filin ƙwallo ba, motar ta kafe. Ya taka mai, tayoyin suka yi ta juyawa a wuri ɗaya. Da ya haska su da fitilar waya sai ya ga laka ta cike zanen kaf, sun koma sumul kamar gindin tukunya. Tsohuwa na kwance a kujerar baya, zazzaɓi na kaɗa ta, samarin gari na turi cikin duhu, mota na ƙara nutsewa. Bayan kusan awa biyu aka zo da amalanken shanu, aka shimfiɗa katifa, aka lulluɓe ta da leda, bijimai biyu suka kai ta bakin kwalta, inda wata motar haya ta ƙarasa da ita asibiti. Allah ya ba ta lafiya. Da yake ɗan fari ne ba ta kama sunansa, sai dai idan mata sun zo dubiya takan ce, tana dariya, motar yaron nan ai shanu suka fi ta. Shi bai taɓa jin abin dariya a ciki ba. Tun daren ya ƙudurta cewa ranar da zai canza taya, sai ya sayi irin masu manyan haƙoran nan da ake gani a motocin sojoji da na masu aikin agaji.

Tayoyin irin wannan mota kashi uku ne a kasuwa, kuma sau da yawa haruffa biyu ne a jikinsu ke bambanta su. H/T ta kwalta ce: zanenta matsattse, da layuka masu zagaye tayar da ɗaruruwan ƙananan tsagu. M/T ta taɓo ce: curi-curin roba manya, da wagegen fili tsakaninsu, har da haƙora a gefe. A/T kuwa tsaka-tsaki ce, kuma ita kanta faɗi gare ta, daga wadda kaɗan ta fi ta kwalta kaushi har zuwa wadda ta kusa zama ta taɓo. Ba tsohon abu ba ne sosai; a 1976 kamfanin BFGoodrich na Amurka ya fito da wadda ake ɗauka a matsayin ta farko a irin ginin tayoyin zamani.

Abin da ya sa ba a samu taya ɗaya da ta iya komai ba shi ne, ƙasa iri uku na neman abu uku masu karo da juna daga ɗan wurin da taya ke taɓa ƙasa, wanda bai fi tafin hannun babban mutum da yawa ba. A cikin laka, taya na buƙatar ta cije, ta kuma kakkaɓe abin da ta ciza kafin ta zagayo. Wagegen filin da ke tsakanin haƙoran tayar taɓo shi ke ba laka hanyar faɗuwa idan taya ta juya da ƙarfi. Matsattsen zane kuwa da zarar ya cika ya cika, abin da ya gani da idonsa a daren nan ke nan. A kan kwalta mai ruwa lamarin ya juye. Can abin nema shi ne roba mai yawa ta kwanta a ƙasa, layukan zagaye su kore ruwan, ƙananan tsagun nan kuma su share ɗan siririn ruwan da ya rage kamar yadda tsintsiya ke share daɓe. Tayar taɓo ta sadaukar da robar da za ta taɓa ƙasa don samun fili, kuma curin nata ba su da tsagu sosai, don haka idan aka taka birki a jiƙaƙƙiyar kwalta takan ƙara tafiya kafin ta tsaya. A rairayi kuma, wanda shi ne rabon fadama wata bakwai ko takwas a shekara, haƙora na iya zama masifa, domin tona suke yi, mota kuwa so ake ta yi iyo a sama. Direbobin da ke ratsa hamada daga Agadas ba da haƙoran taya suke taƙama ba. Iska suke ragewa har taya ta baje, sawunta ya yi tsawo kamar tafin raƙumi.

Duk wannan ya karanta, ya kuma fahimta, amma bai sauya ra'ayi ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Matarsa ce, malamar lissafi a wata sakandare, ta ɗauko biro da bayan takardar kuɗin wuta wani dare bayan yara sun kwanta.

"Malam, sau nawa kake zuwa gida da damina?"

"Sau biyu. Wani lokaci uku."

"Kilomita bakwai shiga, bakwai fita. Sau uku, 42 ke nan. Nawa motar ke ci a shekara?"

Ya duba littafin da yake rubuta canjin baƙin mai. Abin ya ɗan haura kilomita 15,000. Ta raba, ta tura masa takardar: bai kai kashi ɗaya cikin ɗari uku ba. Sauran duka, in ji ta, kwalta ce, kuma a mafi yawansu 'ya'yanta uku na zaune a baya. Ba ta ƙara ko kalma ba, ta tashi ta kashe fitilar tsakar gida.

Lissafin nata daidai ne, amma bai kashe magana ba, kuma shi ma ya san dalilin. Kilomita ba nauyinsu ɗaya ba. Mutum ba ya sayen abin kashe gobara don yawan kwanakin da gida ke cin wuta. Idan kilomita biyu cikin dubu goma sha biyar su ne tsakanin mahaifiya da asibiti, ba a auna su da ma'aunin tafiya kasuwa. Abin da takardar ta yi masa kawai shi ne ta tuna masa cewa a ɗaya ɓangaren ma akwai irin wannan kilomita, mai nauyi, wanda ba a san ranarsa ba, sai dai shi ba ya zuwa da duhu da samari masu turi, shi ya sa ba ya zama a ƙwaƙwalwa.

Ya gamu da shi a watan Mayu. Wani abokin aikinsa mai Hilux da tayoyin taɓo ya ba shi aronta kwana biyu don ya ji da kansa. Tun daga kilomita sittin a awa suka fara wani irin gurnani mai shiga ƙashi, wanda ke ƙaruwa da gudu har sai an ɗaga murya kafin a ji juna. Curin roba ne ke marin kwalta ɗaya bayan ɗaya, iska na tsere a tsakaninsu. Mai motar ya ce ai an saba, wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. A rana ta biyu aka yi ruwan fari. Babu ranar da titin Kano ya fi santsi kamar wannan, domin ƙurar wata bakwai da ɗigon baƙin mai da suka kwanta a kwalta kan haɗu su zama kamar miyar kuɓewa kafin ruwa na biyu ya wanke su. Wani mai adaidaita sahu ya tsaya kwatsam a gabansa don ɗaukar fasinja. Ya taka birki, ya ji motar na ci gaba da sulalewa na wani ɗan lokaci da bai fi ƙiftawar ido biyu ba, ta tsaya saura taki ɗaya. Adalci shi ne a ce ba laifin taya ba ne kaɗai, tun da Hilux marar kaya bayanta ba nauyi. Amma ya zauna riƙe da sitiyari yana kallon wata yarinya mai hijabin makaranta tana sauka daga adaidaitar, ba ta ma san an yi wani abu ba.

Akwai kuma kuɗin da ba a gani a ranar saye. Taya na lanƙwasa ne tana miƙewa a kowane juyi, wannan motsi na zama zafi, zafin kuwa fetur ne ya ƙone a banza. Roba mai kauri da zane mai zurfi da nauyin da ya ƙaru duk suna ƙara wannan asara. Kafin 29 ga Mayun 2023, lokacin da aka sanar da cire tallafin mai, mai jif na iya kau da kai daga ƙarin lita ɗaya ko biyu a mako. Yanzu ba mai yi. Haka nan tayar taɓo kan ci da wuri a kwalta, kuma ba ta ci daidai. Haƙoran kan karkace kamar bakin zarto, gurnanin ya ƙaru.

Da ya shiga kasuwar kayan mota sai ya tarar zaɓin iri shi ne mafi sauƙi. Yaron shagon farko ko tambayar inda yake zuwa bai yi ba.

"Yallaɓai, ka bar ƙaramar nan. Ka sa 285, mota ta tashi, ta yi kwarjini."

A jikin tayoyinsa an rubuta 265/65R17. Lambar farko faɗin taya ne da milimita. Ta biyu tsayin gefenta ne, kashi 65 cikin ɗari na faɗin, wato kimanin milimita 172. Ta ƙarshe girman wili ne da inci. Idan aka haɗa, tsayin tayar gaba ɗaya milimita 776 ne. Wadda yaron ke talla, 285/70R17, ta kai 831. Rabin bambancin ne kawai ke ɗaga mota, milimita 27, kamar faɗin yatsu biyu sirara. A madadin haka, maleji zai riƙa nuna 100 alhali ana gudun 107, tashin mota zai yi nauyi, birki zai ƙara wahala domin abin da yake tsayarwa ya ƙara girma da nauyi, kuma akwai yiwuwar taya ta riƙa gugar jikin mota idan an karya sitiyari har ƙarshe. Ko matsakaiciyar, 265/70R17, milimita 13 kacal take ƙarawa. Kwarjini dai gaskiya ne, motar za ta yi kyau a ƙofar wurin biki, kuma ba abin kunya ba ne mutum ya so haka. Sai dai ya san abin da yake saye.

Bayan girman akwai wata lamba da harafi, a nasa 112S. Lambar na nufin kowace taya na ɗaukar kilo 1,120, harafin kuma iyakar gudunta ne, kilomita 180 a awa. T 190 ne, H 210. Huɗu a haɗe sun ɗauki tan huɗu da kusan rabi, motar kuwa ko an cika ta maƙil da mutane da buhunan shinkafa ba a yarda ta kai tan uku ba. Wannan ya amsa tayi na biyu, na tayoyin da ke da haruffan LT a gaban lambarsu, waɗanda aka yi wa motocin ɗaukar kaya. 'Yan kasuwa kan yabe su da cewa shimfiɗa goma ce a ciki, saboda an rubuta 10PR. Ba goma ba ce. Suna ne da ya rage tun zamanin da ake gina taya da shimfiɗun zaren auduga, yau kuwa ƙarfi kawai yake nunawa. Ƙarfin na gaske ne. Gefensu mai kauri ya fi jure ƙayar aduwa da kututturen karan dawa bayan girbi da bakin ramin kwalta, kuma ga wanda ke dakon kaya a burji kullum babu abin da ya fi su. Amma kowace ta fi takwararta nauyi da kilo da dama, tana neman iska mai yawa kafin ta ɗauki nauyin da ɗayar ke ɗauka cikin sauƙi, kuma duk ramin da ta taka sai na cikin mota sun ji shi a ƙugu. Ga motar kai yara makaranta, sulke ne a wurin ɗaurin aure.

Sai tayi na uku, wanda aka yi masa da murya ƙasa-ƙasa: akwai 'yan Kwatano a baya, kamar sababbi, rabin kuɗi. A nan ne mafi yawan masu mota ke faɗawa, kuma ba don wauta ba. Najeriya ta taɓa yin tayarta. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina ƙira a Ikeja a 2008, tun daga nan kusan duk tayar da ke kan titi daga waje take, farashinta na bin dala, dala kuwa kowa ya san abin da ta yi tun da aka saki naira a Yunin 2023. (Likitan kan yi wa abokansa alfaharin cewa John Boyd Dunlop, wanda ya yi wa keken ɗansa tayar iska a Belfast har ya yi mata rajista a 1888, likitan dabbobi ne irinsa. Alfaharin bai rage masa ko kwabo a kasuwa ba.) Tsofaffin tayoyin ƙananan motoci na cikin jerin kayan da kwastan suka hana shigowa da su, amma suna shigowa. Wasu an cire su ne a Turai saboda shekaru. Wasu na sanyi ne, an haɗa robarsu ta yi laushi a ƙasa da digiri 7, ga su za a ɗora a kwaltar da ke ƙona tafin ƙafa. Ana gane su da zane cike da tsagu masu lanƙwasa da hoton dutse mai kai uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a ciki, ko da yake hoton kaɗai ba hujja ba ne, tun da wasu sababbin A/T na kirki ma na ɗauke da shi. Wasu kuma, har da sababbi, an cusa uku ko huɗu cikin ɗaya don rage kuɗin jirgi, wayar da ke bakinsu ta lanƙwashe ta yadda ido ba ya gani. Hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa ta sha kama irin waɗannan. Taya irin wannan ba ta nuna halinta a cikin gari. Sai an ɗauki hanya da rana tsaka, ta yi zafi, sannan.

Kan shekaru ma baki bai zo ɗaya ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta daɗe tana faɗakarwa da shekara huɗu daga ranar ƙira. Michelin na cewa bayan shekara biyar a riƙa kai ta ga masani duk shekara, kuma kome kyanta kada ta wuce goma. Wasu masu ƙera motoci sun tsaya a shida. Zafi da rana su ke tsofar da roba, don haka a ƙasa irin Kano hankali ya fi karkata ga ƙananan lambobin. Abin da ya ɗauka daga ciki shi ne kada ya biya kuɗin sabuwa a ba shi wadda ta shekara uku a sito.

Ya so ya sayi biyu yanzu, biyu bayan sallah. Bakanikensa ya hana. Hilux a kwalta da ƙafafun baya kawai take tafiya, amma Prado ƙafa huɗun duka ke ja kullum, ta hanyar wata na'ura a tsakiya da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. Idan tayoyin gaba sun fi na baya tsayi, ko zanensu daban, na'urar za ta yi ta aikin daidaita abin da ba zai daidaitu ba, kuma riƙon ƙasa zai bambanta gaba da baya a daidai lokacin da ake son ya zama ɗaya.

Abin da ya warware masa ƙullin bai fito daga kasuwa ba. Ƙanensa ne ya zo Kano sayen taki, suka zauna bayan isha'i, maganar daren nan ta taso a karon farko cikin shekara uku.

"Yaya, ai ba kai kaɗai ba ne. A satin nan tarakta ma ta kwana a kwarin. Kuma sawunta ka bi."

Sai abubuwan suka dawo masa ɗaya bayan ɗaya. Cikin duhu ya saka ƙafafun motar a ramukan da tarakta ta tona, waɗanda suka fi ƙarfin tsayin motarsa, cikinta ya zauna a kan tudun tsakiya, ƙafafun suka rataya. Motar da cikinta ya zauna, ko haƙoran kada aka sa wa tayarta ba za ta motsa ba. Ya tuna kuma cewa a hanya wani yaro ya ƙara masa iska har 45, alhali a takardar da ke manne a bakin ƙofar direba abin da aka rubuta bai yi nisa da 30 ba. Lambar da ke jikin taya, 44 ko 51, iyaka ce, ba umarni ba. Taya mai tauri haka ɗan wuri kaɗan take taɓawa. Bai rage iskar ba. Bai kulle na'urar tsakiya ba, bai sa ƙaramar giya ba, sai bayan ya nutse. Da tayar taɓo ce, da ya shiga kwarin da ƙarin riƙo, wataƙila ya wuce ta gefe. Wataƙila kuma ƙarfin gwiwar da za ta ba shi ya kai shi tsakiya, inda ya fi zurfi. Shekara uku yana ɗora wa roba laifin da rabinsa na hannunsa ne da ruɗewar ɗan da mahaifiyarsa ke nishi a bayansa.

A ƙarshen Mayu ya sayar da ɗaya daga cikin ragunan biyu da yake kiwo don layya, ya haɗa da abin da ya tara, ya sayi A/T huɗu masu sauƙin zane, girman da motar ta zo da shi, 112T, ginin motar fasinja. Ya sa aka sauko da guda bakwai kafin ya zaɓi huɗu masu lamba ɗaya, 4624. Ya duba takardar da ke manne a jikinsu, irin wadda Tarayyar Turai ta wajabta tun 2012, mai nuna riƙon jiƙaƙƙiyar hanya da cin mai da ƙara, ya bar wata mai kyan gani saboda harafinta na ruwa ya yi ƙasa. Safayar da ke ƙofar baya ta girmi duka tsofaffin. Ya jefar da ita, ya maye gurbinta da mafi dama-dama cikin waɗanda aka cire, da niyyar sayen ta biyar idan albashin Yuli ya shigo. Wannan ba daidai ba ne, ya kuma sani. Abin da aljihu ya iya ke nan. Aka yi saitin ƙafa. Da ɗan canjin da ya rage ya sayi geji nasa na kansa, da ƙaramin famfon iska mai aiki da batirin mota, da shebur, da igiyar ja. Dattijon mai faci ya juya gejin a hannunsa ya ce, "Likita, za ka kashe mana kasuwa," sannan ya sa iskar daidai lambar da ke bakin ƙofa, da sassafe kafin taya ta yi zafi.

Ya roƙi Inna ta riƙa yin watan Agusta a Kano. Ta aiko ƙanensa ya gaya masa cewa gyaɗarta da awakinta ba su san hanyar Kano ba. Sai aka yi wani shiri: mai amalanken ya samu waya, lambarsa na wurin mutum uku, kuma an yi magana da wani direba a garin da ke bakin kwalta.

A Yuli ya je. Ya tsaya a ƙarshen kwalta ya rage iska zuwa 22, ya kulle tsakiya, ya sa ƙaramar giya tun kafin kwarin, ya bi ta kan tudu ya bar ramukan a gefe. Motar ta yi ta wutsil-wutsil da baya, laka na tashi har gilashi, ta fita. Da dawowa ya ɓata minti ashirin a bakin titi yana mayar da iska, yara na kewaye da shi suna kallon famfon.

A ƙarshen Agusta ya sake zuwa, an kwana ana ruwa. Ya tsaya nesa da kwarin, ya cire takalmi, ya naɗe wando, ya karɓi sanda daga hannun wani yaro mai kiwo ya shiga da ƙafa. Kafin tsakiya ruwa ya kai masa gwiwa, sandar kuma ta shige cikin sawun tarakta har rabinta. Ya fito, ya juya motar, ya koma ya ajiye ta a gaban rumfar mai shayi a bakin kwalta, ya kira lambar. Ya isa gida bayan la'asar, zaune a kan buhun sukari da katan ɗin sabulun da ya kawo, laka ta bushe masa har ƙwauri. Inna na bakin ɗakinta tana tsince wake. Ba ta dube shi ba, ta ce wa jikarta a kawo wa baƙo ruwa da tabarma, sannan ta tambayi ƙanensa, da ƙarfin da kowa zai ji, ko yau ma shanun ne.

"Su ne, Inna," in ji likitan, ya zauna yana wanke ƙafa.